Sunan da Teyatur Ya Raɗa Masa

In ka shiga Madarumfa ka tambayi gidan Maman, za a ce maka wane Maman, don masu sunan ba sa ƙirguwa a garin. In ka ce Gwamna ɗan Dogo, sai tsofaffi kaɗai za su ɗaga kai su yi ɗan tunani. Amma ka ce Ɗan-Tulu, yaron da bai iya ɗaura wando ba ma zai ja hannunka har bakin garkarsa, can gefen tafki, inda yake ban ruwan salati da albasa. Duk ukun mutum ɗaya ne. Maman shi ya zaɓar wa kansa ranar da ya musulunta, Gwamna ubansa ya raɗa masa, Ɗan-Tulu kuwa lakwal, wato makarantar boko, ita ce ta liƙa masa, kuma shi ne ya kama.

Yanzu ya ba hamsin baya. Siriri ne, mai ƙirji mai ƙugi, ba ya son dogon zance. Da can yana gyara wa mutane baki in sun kira shi da sunan nan, har dambe ya taɓa yi a kai a kasuwa. Yanzu ina! Ya gaji. In an kira sai ya ɗaga hannu ya ci gaba da jan gugarsa.

Gidan Dogo gidan gado ne, masu bin al'adar kakanni, waɗanda mutanen gari ke ce wa Arna in ba sa kusa, wani lokacin ma ko suna kusa. Suna can bayan gari ta hanyar Gabi, manoma na gaske, rumbunansu ba sa ganin ƙasa. A shekarun nan ba a roƙon lakwal, ita ke farautar yara. Mai gari zai aiko a ce kowane gida a ba da ɗa guda. Ranar da ɗan aike ya iso, Dogo ko tashi bai yi ba daga inda yake wasa gatari. Ya dubi 'ya'yansa maza, ya nuna ƙaramin da haɓa.

"Ku ɗau wancan," ya ce. "Fuka gare shi. Kunya biyu yake yi a gona ya zauna yana haki. Lakwal ai zama ake yi, ta dace da shi."

Haka aka ba da Gwamna, ba don an ga ƙwaƙwalwa a kansa ba, sai don shi ne wanda gona ba za ta yi kewarsa ba.

Daga ranar gida ya ɗauke shi baƙo. In damina ta gabato, maza suka kama jan zakara suka nufi gindin tsamiyar gidan inda ake roƙon albarkar shuka, sai a ce masa ya tsaya ya kula da awaki. "Kai rabon Nasara ne," in ji ubansa, ba da faɗa ba, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani. Yayyensa kuwa Mushe suke ce masa, wato malamin lakwal, suna yi suna ƙyafta ido. In an ajiye tuwo sai wani ya ce a nemo wa Mushe cokali.

A lakwal kuma ɗan Arna ne. Bencinsa na can baya, bakin ƙofa. Akwai randa a kalas ɗin da moɗa ɗaya, kowa na sha. In Gwamna ya sha, wanda ke bayansa sai ya ɗauraye moɗar sau biyu, a gabansa, ba ɓoyo. Wallahi yara sun iya mugunta ba tare da sun san sunanta ba. Sai ya koyi haƙura da ƙishirwa har a tashi. Ya zama jemage, tsuntsaye ba su karɓe shi ba, dabbobi ma haka.

A shekararsa ta huɗu aka kawo wani malami, Mushe Garba, mai son teyatur, wasan kwaikwayon da ake yi a fet, wato bikin ƙarshen shekara, gaban iyaye da manyan gari. Shi ya tsara wasan da kansa, don ya nuna wa mutane amfanin karatu. A ciki akwai wani baƙauye, Ɗan-Tulu, wanda ya hana ɗansa lakwal, kullum yana rungume da tulun giya, ana cutarsa a kasuwa don bai san baƙi da wasali ba, daga ƙarshe ya faɗi tulun ya fashe a kansa. Da aka zo rabon wanda zai zama wa, ɗan alƙali ya samu alƙali, ɗan ɗan kasuwa ya samu ɗan kasuwa. Mushe Garba ya ɗaga ido ya hango bakin ƙofa.

"Kai, na baya can. Ai ka san yadda suke yi. Ka zo mana da warkin babanka."

Gwamna ya ɗauko warkin a ɓoye, fatar akuyar da Dogo ke ɗaurawa a ƙugu in zai shiga gona. Ranar fet ya fito yana tangaɗi, yana magana da irin harshen gidansu, yana tafiyar baffansa in ya dawo daga shan burkutu. Filin ya ɗauka. Mata suna riƙe ciki, mai gari rawaninsa har ya karkace. Gaskiya ita ce ya iya, kuma a ranar ya ji daɗi irin wanda bai taɓa ji ba. Yaran da ke ɗauraye moɗa su ne suka ɗaga shi sama.

Dogo bai je ba, amma labari ya iske shi ranar kasuwa, inda wasu samari suka bi bayansa suna tangaɗi. Da ya dawo bai daki yaron ba, da ma ya dake shi da ya fi sauƙi. Ya sa tsinin sanda ya ɗauki warkin ya rataye a danga.

"Dariyar gari ta hau shi, ba ya ɗauruwa kuma," ya ce. "Mun ba su kai ka koyo nasu, ashe namu za ka kwasa ka kai musu su yi dariya."

Warkin nan ya zauna a dangar, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har ya ƙanƙance ya faɗi. Kowace safiya ta gabansa Gwamna ke wucewa zuwa lakwal.

Wasan ya yi farin jini, sai aka maimaita shi shekara ta gaba, da ta gaba, har Maraɗi aka kai su a mota. Lokacin da sauran yara ke bitar lissafi, shi yana bayan kalas yana bitar faɗuwa da tulu. Da jarrabawar sartifika ta zo ya faɗi, wannan karon da gaske. Mushe Garba ya dafa kafaɗarsa ya ce kar ya damu, kansa na wasa ne, ba kowa Allah ya yi wa karatu ba. Lakwal ta sallame shi da ɗan Faransancin da bai isa neman aiki ba, da sunan da ya ishe shi har kabari.

Ya tsallaka Najeriya cin rani, ya ƙi dawowa. A Jibiya ya yi dako, a Katsina ya yi ga-ruwa. Can ne ya musulunta, aka tambaye shi sunan da yake so ya ce Maman. Shekarun nan su ne ya fi tunawa da daɗi, ko da yake a rumfar kasuwa yake kwana, don kowa Maman yake ce masa, Maman kawai, ba dariya a wutsiyar sunan. Sai wata rana a tasha, yana sauke buhun masara, wani ɗan garinsu ya leƙo ta tagar mota ya kwarara murya: "La! Ɗan-Tulu! Ashe nan ka ɓuya? Yi mana faɗuwar nan mana!" Kafin la'asar 'yan dako duka sun haddace. An gudu ba a tsira ba.

Da Dogo ya rasu ya dawo gida, ya tarar yayyensa sun raba gonaki, sun bar masa wata tsandauri da ko ƙaya ba ta so. Ai shi ba ya cikin gado, in ji su, ya bar gida sau biyu, da lakwal da salla. Bai ja ba. Ya nemi ɗan fili a bakin tafki ya kafa garka, ya auri Rabi, mace mai haƙuri da saurin dariya, suka haifi 'ya'ya suka aurar. A masallaci sahun gaba yake nema, amma ko liman, in ya manta, Malam Ɗan-Tulu yake cewa. Mutane sun ce suna linzami ne. To, shi an ɗaura masa nasa tun bai san inda za a ja shi ba.

Saura auta a gabansa, Maryama, 'yar aji biyar. Yarinya ce mai shiru-shiru, ba ta kawo ƙara, ba a kawo ƙararta. Shi ya kai ta lakwal da ƙafarsa, ba wanda ya aiko, ya tsaya har ya ga an rubuta Maryama Maman. Kalas ɗinsu rumfar zana ce, yara cunkushe kamar kifi a kwando, ita tana can baya. Bai taɓa tambayar dalili ba. A ganinsa wanda ba a lura da shi ba ya tsira.

Bana, cikin zafin nan na gab da damina, ya dawo daga garka da azahar ya ji muryar tsohuwa a tsakar gidansa. Ya ɗauka gwaggonsa Marka ce ta zo daga tsohon gida, har ya fara shirya gaisuwa. Yana shiga ya ga Maryama ce, ta ranƙwafa a kan sanda, ta ɗaura tsumma a ka, tana jan magana da harshen gidan Dogo sak. Rabi na zaune bakin murhu tana share hawayen dariya da gefen zane.

"Mi ke nan?" ya ce.

"Teyatur ne, Baba," in ji yarinyar, ta miƙe fuskarta na walƙiya. "Ni ce Inna Ƙi-Faɗi. Tsohuwa ce da ta hana a kai jikanta likita, sai turare take yi wa iskoki. Mushe ya ce in je wurin Gwaggo Marka in aro tsohon zane da layu."

Gwamna ya nemi turmi ya zauna a kai.

"Wa ya zaɓe ki?"

"Mushe ya tambaya wa ya san irin tsofaffin nan, sai 'yan kalas duka suka juyo suka nuna ni."

Da yarinyar ta fita, Rabi ta dube shi ta ce, "Malam, don Allah kar ka ɗau abin da zafi. Wasa ne fa. Ni rabon da in ga ɗiyar nan tana tsalle haka har na manta."

"Ni ma wasa ne," ya ce. "Ga shi har yau ba a tashi ba."

"Zamani ya canza."

"Zamani ya canza, mutanen Madarumfa ba su canza ba. Gobe za ki ji ana barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar da mai neman aurenta zai zo, a ce masa wace, Ƙi-Faɗi ɗiyar Ɗan-Tulu? Ranar da za ta haihu a ce ɗan Ƙi-Faɗi? Ni na ɗauka, ya isa. Ba za a ɗora wa ɗiyata ba ina da rai."

Rabi ta san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Washegari bai je garka ba. Ya sa rigar Juma'a ya nufi lakwal, wurin da rabonsa da shiga tun ranar da ya kai yarinyar. Malamin su Maryama, Mushe Abdul Aziz, saurayi ne baƙo, daga wani gari aka turo shi, idanunsa sun yi ja don alli da rashin hutu. Ya fito bakin rumfa yana kaɗe hannu, suka gaisa.

"Mushe, na zo kan maganar ɗiyata Maryama. Wadda ka sa tsohuwa."

"A'a, Baba, kai ne mahaifinta? Barka! Yarinyar nan baiwa gare ta. In ta fara, ni kaina sai na juya baya."

"Ina roƙon a canza mata. Ba likita a wasan?"

"Akwai."

"To a ba ta likitar."

Malamin ya sosa ƙeya. "Baba, likitar ɗiyar mai duwan ce, babban kwastan ɗin nan. Faransanci za ta yi da yawa, kuma tana da farar riga a gida. Ita kuwa taka, tsohuwar ce ta zauna mata. Ka ga ai ta san abin tun daga gida."

"A gidana salla ake yi."

"Na sani, ban ce ba. Ina nufin dangi." Ya ga fuskar dattijon, sai ya sassauta murya. "Wallahi ba da wata manufa ba ne. Darakta, shugaban lakwal, ya ce a yi wasan faɗakarwa kan zuwa likita, dole wani ya zama wanda ya ƙi. In kowa ya ce ɗansa likita zai zama, wa za a faɗakar?"

Tambayar ba ta rasa gaskiya ba, kuma Gwamna ba shi da ƙarfin jayayya. Yana tafe da jawabi cike da ciki, na randa, na warki, na tasha, amma da ya dubi saurayin nan da yara fiye da ƙima ke ihu a bayansa, sai ya ga ina zai fara. Gajiya ta sauko masa.

"In ba a canzawa, a cire ta."

"Baba, saura kwana kaɗan fet."

"A cire ta, Mushe. Ni na haife ta."

Malamin ya numfasa. "Shi ke nan. Akwai ɗiyar wani masunci, ita ma tana can baya, sai in gwada ta." Ya raka shi har bakin ƙofar lakwal, da ladabinsa, ya ɗan rusuna ya ce, "A gaida gida, Baba Ɗan-Tulu." Bawan Allah bai san komai ba, ya ji ana faɗa ne ya ɗauka sunan yanka ne. Gwamna ya ce gida zai ji.

Maryama ba ta yi kuka ba, ko ta yi ba a gabansa ba. Ta dawo ta ajiye jakarta, ta yi wanke-wanke, ta ci tuwo kaɗan. Kwanakin da suka biyo ta koma yadda take da, gaisuwa da "to" da "a'a". Shi kuwa ya ce wa ransa ciwon kwana biyu ne, ya fi na shekara arba'in. Rabi ba ta ƙara tada zancen ba, sai dai ta daina yi masa hira in ta kawo abinci.

Ranar fet bai je ba. Yana garka yana jin lasifika daga nesa, iska na kawo shewar mutane tana ɗaukewa. Ya yi ta jan guga har kafaɗunsa suka mutu. Rabi ce ta ba shi labari a taƙaice da ya dawo da la'asar: an yi, ɗiyar masuncin ta yi ƙoƙari, Maryama kuwa tana cikin masu ɗaukar benci.

"Tana ina?"

"Tana bayan rumbu, wai za ta ba awaki dusa."

Ya zaga don ya ajiye guga. Tun kafin ya sha kwana ya ji muryar. Ya tsaya jikin rumbun ya leƙa. Ga Maryama ranƙwafe kan sanda, awaki uku a ɗaure suna tuƙa suna kallonta. Daga farko take yin wasan, ita kaɗai, ita ce tsohuwar, ita ce likitar, ita ce jikan da ke kuka. Tsohuwar ta kori likita da sanda, sandar ta kuɓuce, ta duƙa ɗauka ƙugu ya riƙe, ta tsaya a haka tana zagin ƙugun, tana zagin likitar, tana ba iskoki haƙuri duk a numfashi ɗaya. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta rage ba. Har yadda Gwaggo Marka ke tauna bakin da ba haƙora kafin ta yi magana, yarinyar nan ta ɗauko.

Bai san lokacin da dariya ta ƙwace masa ba. Dariya ce ta fito tun daga ciki, irin wadda ya shekara bai yi ba, ta haɗu da fukar ta zama tari, ya dafa rumbu yana yi hawaye na zuba. Kafin ya tattara kansa yarinyar ta miƙe tsaye, sandar a hannu, tana kallonsa.

Kunya ta rufe shi. Ya share ido da hannun riga, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Na iya ko, Baba?" ta ce.

"Kin iya."

Ta sunkuyar da kai tana zana ƙasa da bakin sandar.

"Tun da na shiga lakwal, 'ke ta baya can' ake ce mini. Da aka fara teyatur sai kowa Ƙi-Faɗi, Ƙi-Faɗi, har darakta in ya gan ni sai ya tsaya. Ɗiyar mai duwan ma ta matsa mini wuri a gaba, muna zama tare. Yanzu an koma 'ke ta baya can'."

Sai ta ɗago ta dube shi. Ba gatse a idonta, ba fushi. Tambaya ce ta ɗiya ga ubanta, wanda take ganin ya riga ta sanin duniya.

"Baba, kai da ka sani, wanne ya fi?"

Gwamna ya buɗe baki. Duk rayuwarsa yana ɗauka in akwai abu guda da ya sani a duniya, to amsar wannan tambayar ce. Ya laluba ko'ina cikin ransa bai same ta ba.

Yarinyar ta jira, ta ƙara jira. Da ta ga ba abin da ke tafe, sai ta jingine sandar a jikin rumbu, ta ɗauki bokiti ta tafi ɗebo wa awaki ruwa.